MUDU A HANNUNSU, AWO A ƊAKINSU: MAGANAR DATA DA YA KAMATA MATASAN GWANDU DA KALGO SU SA A GABA



Yau ba raddi zan yi wa kowa ba, ba kuma sanarwar taron mazaɓa na kawo ba. Magana ce a kan abin da ke cin aljihunmu kullum safiya, mu da 'yan adawarmu baki ɗaya, wato data. Duk wanda ke karanta wanga rubutu da kuɗinsa yake karantawa. Kowane layi da ya wuce ana auna masa shi, ana cirewa. To tunda haka ne, ai ya dace mu tambayi wa ke riƙe da mudun, a ina ake awon, kuma me ya sa in mudun bai yi mana ba babu wata rumfar da za mu koma.

Bari mu fara da abin da ya faru, don kada a ce surutu ne kawai.

Ranar 20 ga Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashin kira da saƙo da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Su kamfanonin kashi 100 suka nema, suna cewa rabon da a taɓa farashin tun 2013. Jama'a ba su yi shiru ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Joe Ajaero ta sa ranar 4 ga Fabrairu don zanga-zanga, sai ta dakatar bayan zama da gwamnati, aka kafa kwamiti. Ƙungiyar SERAP ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Abuja. Majalisar Wakilai ma ranar 11 ga Fabrairu ta nemi a dakatar da ƙarin. A daidai wannan lokaci ne mutane suka wayi gari suka ga MTN ya mayar da datar 15GB ta mako ɗaya daga naira 2,000 zuwa naira 6,000. Wannan ba kashi 50 ba ne, ninki uku ne. Ku lissafa da kanku: wanda ke sayen ta duk mako, abin da yake kashewa a wata ya tashi daga naira 8,000 zuwa naira 24,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, a nan Kebbi kuma 75,000. Hayaniyar da ta tashi sai da ta sa kamfanin ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a. NLC ta ce daga ranar 13 ga Fabrairu kowa ya ƙaurace wa layukan MTN da Airtel da Glo daga ƙarfe 11 na safe zuwa 2 na rana.

Mi ya biyo baya? Ƙarin ya zauna daram. Mun yi fushi, mun yi zagi a Facebook, da datar da muka saya a sabon farashi. Wannan shi ne abin dariya, shi ne kuma abin kuka.

Ni abin da ya fi damuna ba ƙarin kaɗai ba ne. Tsarin awon ne. A kasuwar Gwandu ko ta Jega, in ka je sayen gero, a gabanka ake cika mudu, ka ga an yi masa toliya, in an danne ka yi magana. In mai awo ya cika ha'inci, ka matsa gaba wurin na kusa da shi. Ko wutar lantarki, abin da mutane suka daɗe suna faɗa a kai shi ne a daina kawo musu bil na ƙiyasi, a maƙala musu mita a bangon gidansu su riƙa ganin abin da suka sha. Amma a harkar data, mai sayarwa shi ke da mudu, shi ke awo, a cikin ɗakinsa, ƙofa a rufe, sannan ya turo maka saƙo cewa hatsinka ya ƙare. Ka sayi ta wata guda, kwana tara ta tafi. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Ga kuma ɗaya ɓangaren. In ka yi tsimi, ka matse hannu, wata ya cika da saura, sai a ce ta lalace. Wane ɗan kasuwa ne zai sayar maka da buhun shinkafa, bayan kwana talatin ya shigo gidanka ya kwashe abin da ya rage ya ce lokacinsa ya wuce? Gaskiya ne tun 2018 NCC ta umarci kamfanoni su riƙa tsallakar wa mutum da ragowar datarsa, amma da sharaɗi: sai ya sake saye cikin ɗan wa'adin da aka ɗiba. Wato kafin ka ci abin da ka riga ka biya, sai ka sake biya. Wanda ke da albashi zai iya. Ɗan kabu-kabu ko mai tallan fura da ba su samu ciniki a wannan makon ba, tasu ta tafi ke nan.

Zan yi adalci, don wannan shafi ba na ƙage ba ne. NCC ta ce ta sa masu bincike masu zaman kansu sun duba tsarin cajin kamfanonin, kuma tana ɗora mafi yawan laifin a kan wayoyinmu: bidiyon da ke kunna kansa a Facebook da TikTok, manhajojin da ke sabunta kansu muna barci, hotunan da WhatsApp ke saukewa daga zaure goma ba tare da ka taɓa ba. Akwai gaskiya a nan, kuma kowa ya shiga saitin wayarsa ya kashe waɗannan. Su ma kamfanonin suna da nasu kukan. Dala ta tashi daga naira ɗari huɗu da wani abu a farkon 2023 ta haura 1,500. Kusan duk ƙarfen sabis da ke ƙauyukanmu da man dizal yake aiki dare da rana. Masu aikin hanya suna tsinka musu waya, ɓarayi suna sace batir. MTN kaɗai ya bayyana asarar sama da naira biliyan 400 a 2024. Duk mun ji.

Amma a ji namu ma. Wannan kamfanin da ya yi asara a 2024, cikin watanni shida na farkon 2025 ya bayyana ribar sama da naira biliyan 400. Ciwonsu ya warke cikin wata shida. Namu fa? An ce mana in an ƙara farashi sabis zai gyaru. Ku da ke Malisa da Dodoru da Maruda da Gulmare, ku da ke Diggi da Zuguru da Dangoma, ku ne shaida. Har yau akwai wuraren da sai an hau tudu ko an fita bakin titi kafin transfa ta tafi. Har yau mai POS zai ce maka ka dakata babu netwok, an cire kuɗi a asusunka, shi kuma bai ga alat ba, ku zauna kuna kallon juna. Idan binciken da aka yi ya wanke kamfanoni, to a baje shi a faifai, cikin harshen da za mu gane, kuma a ba kowa damar ganin lissafin datarsa ta kullum kyauta: ga abin da ka sha, ga inda ya tafi.

Yanzu ga inda nake son matasa su buɗe kunne, don a nan darasin yake. Sau biyu a tarihin wayar salula a Najeriya talaka ya ci nasara a kan farashi, kuma ko wanne akwai dalilinsa.

Na farko, yayyenmu za su tuna. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a Agustan 2001, layi ɗaya sai mai hali, dubban nairori ake sayensa, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya. In ka yi magana ta daƙiƙa biyar aka katse, kuɗin minti cikakke za a cire. Mutane suka yi ta roƙo a riƙa cajin daƙiƙa-daƙiƙa, aka ce ba zai yiwu ba yanzu, sai nan da wasu shekaru. A Agustan 2003 sai ga Glo na Mike Adenuga ya shigo kasuwa da cajin daƙiƙa tun ranar farko. Kafin ka ce kwabo, waɗanda suka ce ba zai yiwu ba sun bi sahu. Ba zanga-zanga ce ta sa su ba, ba wa'azi ba. Maƙwabcin rumfa ne ya zo da mudu mafi cika, suka ga masu saye suna guduwa.

Na biyu, a ƙarshen 2016. NCC ta so ta kafa ƙa'idar cewa manyan kamfanoni ba za su sayar da megabait ɗaya ƙasa da kwabo 90 ba daga 1 ga Disamba, tana cewa don ta kare ƙananan kamfanoni ne. Ma'anarsa a aljihu ita ce data za ta yi tsada. Jama'a suka taso, Majalisar Dattawa ta tsoma baki, ranar 30 ga Nuwamba, ana gobe za a fara, hukumar ta janye. Nan kuma matsin lamba ne ya yi aiki, don ya zo a kan lokaci, kafin a fara, kuma ya bi ta hannun waɗanda ke da ikon kiran hukuma ta yi bayani.

A wasu ƙasashen ma haka abin yake. A Indiya, shigowar kamfanin Jio a Satumban 2016 ta karya farashin data har ƙasar ta zama cikin mafi araha a duniya. A Afirka ta Kudu matasa sun yi gangamin neman a sauke farashin data tun 2016, hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta yi bincike ta fitar da rahoto a Disamban 2019, kuma a Afrilun 2020 Vodacom ya sauke 1GB ta wata daga rand 149 zuwa 99. Ku lura: shekara uku da wani abu suna bin magana ɗaya ba su sake ta ba.

To me ya sa ƙauracewar Fabrairun 2025 ba ta girgiza kowa ba? Saboda ƙauracewa tana tsoratar da ɗan kasuwa ne in ya san kana da wurin zuwa. Ka kashe waya daga 11 zuwa 2, ƙarfe 2 da minti ɗaya ka kunna, layin dai shi ne. A Najeriya yau MTN na riƙe da fiye da rabin masu layi, Airtel kusan kashi ɗaya cikin uku, Glo ya ragu ƙwarai, 9mobile kuwa da ya koma T2 sai dai a ce yana numfashi. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kamfani biyu ne ke juya kasuwarta. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. In ka sauko ƙauye abin ya fi haka muni, don a garuruwanmu da dama layi ɗaya ne ke kamawa da kyau. Tun 2013 doka ta ba mu damar sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba. Madalla. Amma ka koma ina? Dole ƙanwar naƙi.

Wani zai ce ai ga Starlink, mai sauko da intanet daga tauraron ɗan'adam, ya shigo tun 2023. Haka ne. Amma na'urarsa ta dubban ɗaruruwan naira ce, kuma a Oktoban 2024 ya tashi kai tsaye ya mayar da kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, sai da NCC ta ce ba da izininta ba sannan ya dakata. Wannan na ofis ne da gidan mai kuɗi. Ba shi ne mafitar ɗalibin da ke neman cike fom ɗin JAMB ko na bashin karatu na NELFUND ba.

Mafita ta gaskiya a ƙarƙashin ƙasa take, wato wayar fayiba. Intanet ɗin da muke sha, manyan wayoyi ne ke kawo shi ta ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano da ta iso a 2022, kuma mafi yawansu a Legas suke sauka. Daga can sai an haƙa ƙasa an shimfiɗo waya har zuwa nan. Inda fayiba ta isa, ƙananan kamfanoni na iya tasowa su sayar da intanet na wata ba tare da awo ba, ka biya kuɗi ɗaya ka yi ta amfani, kamar yadda ake samu a wasu unguwannin Legas da Abuja. Inda ba ta isa ba, sai a bar ka da mudu. Shi ya sa nake cewa maganar awo da maganar gasa abu ɗaya ne: rashin abokin gasa shi ke ba mai mudu ƙarfin gwiwa.

Gwamnatoci sun yi alƙawari a kan wannan. A Maris 2020, zamanin Shugaba Buhari da Minista Isa Ali Pantami, aka ƙaddamar da shirin faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025. An sa burin ya kai kashi 70 cikin 100 na jama'a, kuma 1GB kada ta wuce naira 390. Har zuwa ƙarshen 2025 a wajen rabi aka tsaya, farashin kuwa kowa ya danna *312# ya gani da idonsa. Gwamnatin Shugaba Tinubu ta hannun Minista Bosun Tijani ta fito da shirin shimfiɗa fayiba kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Abu ne mai kyau. Tambayarmu ita ce: kilomita nawa ne na Kebbi, kuma ta ina za su bi? Za su tsaya ne a Birnin Kebbi, ko za su ratso Kalgo inda Jami'ar Tarayya take, su bi Aliero inda jami'ar jiha take, su iso Gwandu da Kambaza da Dalijan?

Akwai wani abu da ya kamata mu riƙe a matsayin hujja. Babban uzurin kamfanoni a da shi ne jihohi na tsawwala kuɗin izinin haƙa hanya don binne waya. An daɗe da amincewa a kan naira 145 kowace mita, amma wasu jihohin na karɓar dubbai. Kebbi na cikin jihohin da NCC ta lissafa cewa sun yafe wannan kuɗi gaba ɗaya. To in an yafe, ina wayar? Yafiya ba tare da sharaɗi ba kyauta ce kawai. Kamata ya yi a ce wa kamfani: mun yafe maka, kai kuma ka kai waya hedikwatar kowace ƙaramar hukuma cikin 21 da muke da su, ka haɗa babbar asibiti da sakandare. Mai Girma Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ɗan ƙwadago ne tun asali, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙasa, ya yi mataimakin shugaban NLC. Wanda ya san yadda ake zama da mai ƙarfi a teburi a ƙwato wa ma'aikaci haƙƙi, wannan ciniki ba zai gagare shi ba in an kai masa maganar.

Yanzu bari in juyo kanmu, 'yan'uwa 'yan soshiyal midiya, kuma kowa ya yi haƙuri da ni. Mun san sunan da ake kiranmu da shi. An ce mu 'yan data ne. Oga ya turo 2GB, mu kwana muna zagin wanda bai taɓa yi mana komai ba, gobe ta ƙare mu koma muna jiran wata. Wallahi tsadar data ba ƙaramin makami ba ce a hannun mai son ya mallaki bakin matashi. Ranar da intanet ya yi araha a Dalijan, ranar ce yaro zai rubuta abin da ke ransa ba abin da aka biya masa ba. Ranar ce mai albasa a Aliero zai duba farashin Legas da Fatakwal kafin dillali ya yi masa wayo, 'yar'uwarmu mai ɗinki ta tallata kayanta a WhatsApp ba tare da ribar ta ƙare a sayen data ba, mai difloma irina da bai samu aikin gwamnati ba ya koyi sana'a a waya. Wanda ya ba ka data ta mako ya taimake ka na mako. Wanda ya jawo fayiba garinku ya taimaki har ƙannenka da ba su shiga firamare ba. Mu koyi bambancewa.

Don haka ga abin da nake ba da shawara mu yi, mu a ɓangarenmu, kuma ƙofa a buɗe take ga matasan kowace jam'iyya, don sabis ba ya tambayar katin jam'iyya kafin ya ɗauke.

1. Kowace mazaɓa a Gwandu da Kalgo ta samu mutum biyu su rubuta garuruwan da babu sabis sam, da waɗanda layi ɗaya ne kawai ke kamawa. Suna da suna, ba jita-jita ba. Akwai asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa musamman don kai sabis inda kamfanoni ba sa ganin riba. Ba za su zo inda ba a nuna musu ba.

2. Duk wanda aka zaluntar a data ko kati, ya fara kiran 300 ya kai ƙara wa kamfaninsa, ya karɓi lambar ƙorafi ya ajiye. In ba a gyara ba, ya kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne. Akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Zagi dubu a ƙarƙashin fosti ba ya shiga fayil ɗin kowa, amma ƙorafi ɗari daga ƙaramar hukuma ɗaya sai an amsa shi.

3. Mu kai takarda ɗaya, da sa hannun jama'a, ga 'yan majalisarmu na tarayya na Gwandu/Aliero/Jega da na Birnin Kebbi/Kalgo/Bunza, da Sanatan Kebbi ta Tsakiya, da Majalisar Dokokin Jiha. Buƙatunmu uku ne: datar da aka biya kada ta lalace, a ba kowa lissafin abin da ya sha kullum kyauta, a kuma bayyana taswirar inda fayibar kilomita 90,000 za ta bi a Kebbi.

4. Duk ɗan takarar da zai zo neman mu yi masa yaƙi a waya a 2027, namu ko na wani, kafin ya turo mana data ya fara gaya mana abin da zai yi a kan wannan takarda. Ya faɗa a gaban jama'a, mu ɗauka a waya, mu ajiye.

Na san wani zai ce shugaban matasa ya bar maganar taki da tsaro da tsadar abinci yana maganar data. Ban bar su ba. Amma yau da waya ake rajistar tallafi, da waya ake tura kuɗi, da waya ake sanar da jami'an tsaro in an ga baƙuwar fuska. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya gane haka, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke shirye ya wakilci mazaɓarsa a wannan aiki ya rubuta sunan garinsu a ƙasa, da layin da ke kamawa da wanda ba ya kamawa. Daga nan za mu fara.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukanmu, ya zaunar da Kebbi da Najeriya lafiya. Amin.

Daga ɗan'uwanku, shugaban matasa, Dalijan, ƙaramar hukumar Gwandu.